Fasinja Na Goma Sha Biyu

Da hantsin Litinin wani makiyayi mai suna Hamma ya shigo ofishin 'yan sanda na Sule Tankarkar, ya ce shanunsa sun ƙi wucewa ta wani labi, hanyar da shanu ke bi, da ya duba sai ya ga gawar wani dattijo a gindin aduwa.

Sufeto Ɗalha ya tarar da mamacin kwance a kan gefensa, jini ya bushe a ƙeyarsa. A yashi akwai sawun jan jiki mai tsawo daga bakin hanya. Ya laluba aljihun rigar, ya ciro fasfo: Habibullah Yazid, shekara sittin da takwas. Tambarin ƙarshe na Maigatari ne, shigowa daga Nijar, ranar Asabar.

A gidan mamacin da ke Gumel 'yarsa Lauratu ce ta fito zaure. Da ta ji labarin sai ta zauna a dakali.

"Shekara talatin Baba yana koyar da tarihi," ta ce daga baya, "bai taɓa ganin Agadas ba. Shi ne ƙungiyarsu ta masu son tarihi ta shirya tafiya, su sha biyu, su ga Birnin Damagaram da tsohon masallacin Agadas. Shekaranjiya shugabansu Alhaji Abdulbaqi ya zo nan, ya ce Baba ya tsaya a Damagaram wurin wani abokinsa."

"Yana da aboki a can?"

"Ko mutum ɗaya bai sani ba."

Alhaji Abdulbaqi ya karɓi Sufeto a shagonsa na atamfofi, har da sa masa kujera.

"Ranka ya daɗe, a tashar Damagaram muka rabu da Malam. Ƙila daga baya ya biyo wata motar."

Sufeto bai yi masa gardama ba. Ya wuce Maigatari, ya nemi rajistar masu shigowa. Sunaye goma sha biyu ne a jere, sa'a ɗaya, mota ɗaya. Na ƙarshe Habibullah Yazid.

Kwana biyu yana bin sauran matafiyan gida-gida. Malaman makaranta ne, da ma'aikatan sakatariya, da wani mai sayar da magani. Duk bakinsu ɗaya, kamar an yi musu bita: Damagaram, aboki, tasha. Abin da ya fi damun Sufeto shi ne yadda suke kallonsa ido cikin ido suna faɗa.

Malama Zakiyya ce ta tara. Ta faɗi nata kamar kowa, amma tana ta tura wayarta ƙarƙashin mayafi.

"Ba ni wayarki," in ji Sufeto.

Ya yi ta wuce hotuna: ganuwa, hasumiyar ƙasa mai tsinken itace, dattijon yana murmushi a gindinta. Sai wani hoto da ta ɗauki kanta a cikin bas, rumfunan kasuwar Maigatari na bayyane ta taga, Malam Habibullah yana kujerar bayanta.

Ta rufe fuska da mayafi.

"A wani ƙauye bayan Agadas limami ya nuna mana wani tsohon littafi na hannu, ya ce kakanninsa bakwai sun gaje shi. Bayan mun tsallako iyaka jakar Alhaji ta faɗo, ganyen littafin suka zube. Malam ya gane su. Ya ce ko a mayar, ko ya kai ƙara da mun isa Gumel."

"Sai me?"

"Mun ratse ta Sule Tankarkar don a sauke wani. Alhaji ya sa direba ya tsaya a daji, suka fita shi da Malam, muna jin hayaniya. Alhaji ya hankaɗa Malam, kansa ya bugi matakalar mota. Alhaji ya ce idan magana ta fita duk za a kama mu da sata, aikinmu ya tafi."

"Yana da rai kuka tafi?"

"Yana ɗaga hannu."

Rahoton likita ya ce dattijon ya kai awa biyar kafin ya cika. Daga wurin zuwa asibiti tafiyar minti ashirin ce.

Sufeto ya tafi gidan Abdulbaqi da kofur biyu. Ya ajiye kwafin rajistar da hoton a kan tabarma. Alhaji ya dube su, kafaɗunsa suka sauka.

"Ban yi nufin kashe shi ba. Na ɗauka wani zai wuce ya ɗauke shi."

"Ina ganyen littafin?"

Ya jagorance su bayan gida, ya nuna wani murhu. Toka ce kawai, sai wani guntun takarda da bai kai tafin hannu ba, da rabin layi na jan tawada.

"Randa ka zo shago na ƙona su," ya ce.

Sufeto ya kira shugabansa na ofis a waya, ya ce akwai sauran mutum goma da direba da suka ga komai suka yi shiru. Amsar ta zo a gajarce: ya kawo mutum ɗaya, sauran shaidu ne, kada ya tayar da gari.

Kofur ya sa wa Abdulbaqi ankwa. Hanyar ofis ta bi ta ƙofar gidan mamacin, inda ake zaman makoki. Ta gilashin mota Sufeto ya hango shida daga cikin matafiyan a sahun gaba na tabarma, sun ɗaga hannuwa suna amsa addu'a. Babu wanda ya waiwayo motar, shi ma bai ce direba ya tsaya ba.