Na'ura ta Arba'in da Ɗaya

Da la'asar sakaliya Tak Gyeong-ran ta kama hanyar dutse zuwa ɗakin na'urorin kamfaninsu a bayan garin Hongcheon, ranta a ɓace. Sati guda ta yi tana rubuta umarnin da zai shiga na'urori arba'in na ɗakin tun daga ofishinta na Seoul, ya share tsohon kaya, ya dasa sabuwar manhaja, ba tare da kowa ya ɗaga yatsa ba. Umarnin ya yi aiki. Sai dai a rahoton, arba'in da ɗaya ne suka amsa.

Tsoho Pyo, wanda ya shekara ashirin yana kula da ɗakin, ya tarbe ta a ƙofa. Busasshen kifi na rataye a sama, kofin giyar shinkafa a ƙasa, irin hadayar da ake ajiye wa iskoki.

Ta taɓe baki. "Baba Pyo, wannan ce fasahar taku? Abin da kake wata uku kana lalube, na gama shi a minti tara."

"Shugaba Tak," ya ce ƙasa-ƙasa, "na'urar ƙarshen nan ba a ba ta umarni. Ni da hannu nake bi, in tsallake ta."

"Shi ya sa za a sallame ka."

Ta ture kofin da takalmi, ta shige.

Sanyi. Gurnanin fankoki. A layi na ƙarshe wari ya canza, kamar jiƙaƙƙiyar ƙasar rami. Ta ƙirga arba'in. Gurbi na gaba babu komai sai ƙura, amma ɗumi na fita daga cikinsa kamar numfashi.

Ta buɗe kwamfutarta, ta sake tura umarnin.

Fankokin suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

Rubutunta ne ke gudu a allon. A wurin sunan na'ura, sunanta ne.

"Minti tara," wata murya ta raɗa daga gurbin, cike da raini. "To, mu gani."

Matakin farko: share tsohon kaya.

Wani abu mai sanyi ya shiga ta ƙeyarta, yana kwashewa a natse. Ta nemi ihu, ta rasa kalmar.

Duhu ya rufe ɗakin. Pyo ne ya sauke babban makunnin wuta. Ya ja ta da kwalar riga har tsakar gida, tana haki, hancinta na jini.

Ta koma aiki bayan sati biyu, hannunta bai manta komai ba. Takardar sallamar Pyo kuwa ta yaga ta.

Ran Chuseok, bikin girbi, ta je garinsu Andong. Wata tsohuwa ta fito da gudu, hannunta duk garin shinkafa, ta rungume ta tana kiranta da wani suna na yarinta. Gyeong-ran ta sunkuya cikin ladabi, ta tambaye ta ko nan ne gidan su Tak.