Mai Kaji da Ƙwayoyin da Ba a Gani

A wani gari can, an yi wata mata mai kiwon kaji. Wata shekara zawo ya kama 'yan tsakinta. Ta ba su maganin kashe ƙwayoyin cuta, zawo ya tsaya, ya dawo. Ta ƙara musu, ya tsaya, ya dawo, har goma suka mutu.

Sai ta tafi wurin malamin dabbobi. Ya miƙo mata wani farin gari, ya ce, "Iya, ƙwayoyi ne masu rai a ciki. Ki zuba musu a ruwan sha."

Ta ce, "Malam, ban gane ba. Ƙwayoyi nake kashewa, kuma ƙwayoyi zan ba su?"

Masu jiran layi suka yi dariya. Kunya ta kama ta, amma ba ta tashi ba.

Malam ya ce, "A hanjin kaza akwai na kirki, akwai miyagu. Maganinki ya kashe duka, miyagun suka riga na kirkin dawowa."

Ta ce, "Har yanzu ban gane ba. Na kirkin, me za su yi?"

Ya ce, "Za su cika hanjin, miyagu su rasa wurin zama."

Ta koma gida kanta a ɗaure, ta yi yadda aka ce. Bayan kwana bakwai 'yan tsaki suka miƙe, suna tonon ƙasa.

Ta leƙa cikin kaskon ruwan, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ni dai ban ga kowa ba. Amma ko su wane ne ku, sannunku da aiki."