Wadda Ke Yi Wa Inna Kitso

Maganin Inna ne ya ƙare, shi ya fitar da ni gab da magariba. Na taso daga kamfanin wanki inda nake yini a tsaye ina guga, ƙafafuna sun kumbura, ko takalmi ban cire ba na ga kwalbar babu ƙwaya ko ɗaya. Na kulle Inna a ɗaki kamar kullum, na jefa makulli a jaka.

Shekara uku ke nan Inna na fama da ciwon mantuwa. Mantuwar ba ta dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Wata safiya ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Baiwar Allah, kin yi kama da Autata, amma ba ke ba ce." Alhali ni ce autar. Tun daga ranar na koma 'yar aikin da aka ɗauko mata.

Likita ya nuna mini hoton ƙwaƙwalwarta a allo mai haske. Ya ɗora biro a wani gefe ya ce wurin ya motse. "Idonta na ganin fuskarki, amma hanyar da ke sanar da ita cewa ke tata ce ta lalace. Za ta ga mutanen da babu su, ta ji muryoyi. Kada ki yi musu da ita."

Na daina musu. Ƙarfin yin sa ma babu. Da ta fara cewa Auta na zuwa duk sanda na fita, sai in ce, "To, ki gaishe ta."

A kantin magani na tarar da layi. Kafin in dawo an idar da salla, kuma an ɗauke wuta. Na hau matakalar bene ina laluben bango. A hawa na biyu ƙamshi ya tare ni. Man kwakwa, wanda aka ɗumama. Ba mu da shi a gidan.

Ƙofa na nan a kulle. Na zura makulli ke nan na ji dariyar Inna. Rabona da jin ta har na manta.

Sai wata murya ta ce, "Sunkuyar da kai, Inna, saura kaɗan."

Muryata ce. Har da 'yar dusashewar da tururin guga ya bar mini.

Ba zan ɓoye muku ba, abin da ya fara zo mini ba tsoro ba ne. Na jingina goshi da ƙofar, na ce a raina, ga wadda ta karɓe ni, bari in zauna a matakala in huta ko na minti goma. Sai na ji Inna ta ce "wash" a hankali.

Na buɗe.

A ɗan hasken taga na ga wata mace zaune a kujera, ta ba ƙofa baya. Inna na ƙasa tsakanin gwiwoyinta. Shuɗiyar rigar aiki ce a jikinta, irin wadda ke jikina. Hannuwanta na yawo cikin furfura. Yatsun sun cika tsawo.

"Auta," in ji Inna cikin raɗa, "'yar aikin nan ta dawo."

Hannuwan suka tsaya.

"Ce mata ta tafi," in ji matar, da muryata. "Ta gaji."

Kan ya fara juyowa. Kafaɗun ba su motsa ba.

Ban jira ganin fuskar ba. Na runtse ido, na ambaci Allah, na cafko hannun Inna na ja.

An riƙe ta ta gashi.

Na ja. Aka ja.

Numfashi mai sanyi ya sauka a kunnena.

"Ai kin so in zauna."

Na fizga da duk abin da ya rage a jikina. Muka zube a bakin ƙofa. Na saɓa ta a baya na gangara, ina tuntuɓe, tana dukan kafaɗata tana kiran Auta.

Mai gadin gidan ne ya hau da tocila. Ya ce babu kowa, sai kujera a tsakiyar ɗaki. Da ya haska kan Inna sai ya ja da baya. Rabin kan ya sha kitso ƙanana reras, yana ƙyalli da mai. Ni ban iya kitso ba. Ita kuwa ko cokali ba ya zama a hannunta.

Washegari muka koma gidan Yaya, can ƙarshen gari. Na ba likita labari. Ya tambaye ni awa nawa nake barci, ya rubuta mini nawa maganin. Wataƙila da gaskiyarsa. Yanzu matar Yaya na karɓata kwana biyu a mako, kuma ban ƙara barin Inna ita kaɗai ba.

Jiya da yamma ina yanke mata farce, ta dafa hannuna.

"Baiwar Allah, kin gaya wa Auta inda muka koma?"

Na ce a'a.

"Ba komai," ta ce, ta miƙo mini ɗaya hannun. "Ni na gaya mata."