Baƙin Gubi Arba'in da Ɗaya

Ranar wata Laraba, ana shirin kiran magariba a Fadaman Mada, dutse ya faɗo kan kwanon gidan Mansir mai gyaran waya. Kwaram! Na biyu ya faɗa tukunyar miyar matarsa Sauda. Ya leƙa lungu, ko akuya babu.

To, Mansir yana da ɗabi'ar masu sana'arsa: kafin ya wanke wayar mutum, sai ya kwashe abin da ke ciki zuwa kwamfutarsa. A makon nan aka kawo masa wayar wani tsohon malamin ruƙiyya na ƙauyen Gubi da ya rasu. Cikin abin da ya kwasa har da wani dunƙulallen fayil, irin wanda ake matse abubuwa da yawa a ciki, mai suna "Baƙin Gubi 41". Sauda ta ce hotunan ɗalibai ne. Shi ya ce takardun gonaki ne. Buɗewa ta gagare shi, son sani kuma ya hana shi gogewa.

Kwana uku ana jifa. A na huɗu, 'yarsu Yelwa ta zauna bakin rijiya, ta daina ƙifta ido, tana magana da muryar ƙato. Wallahi tsoro ya kama Mansir. Da ƙyar ya ɗauko Malam Sabitu, mai ruƙiyyar unguwar.

Malam ya jima yana karatu kafin ya ce, "Wane ne kai?"

"Ɗaya daga arba'in da ɗayan," in ji muryar. "Duk aljanin da tsohon nan ya fitar daga jikin mutum, sai ya naɗi rantsuwarsa a waya cewa ba zai koma ba. Ya mutu, shaidar ta dawo gidan nan. A goge, in saki yarinyar."

Malam ya juyo. "Malam Mansir, in ka goge, ka kwance su duka, kowa zai koma inda aka fitar da shi. Ba ni kwana biyu."

"Ba za ta kai gobe ba," in ji muryar. Jini ya fara ɗiga daga hancin Yelwa.

"Baban Yelwa!" Abin da Sauda ta iya faɗa ke nan.

Mansir bai ƙara duban malam ba. Ya goge fayil ɗin.

Yelwa ta yi atishawa sau uku, ta ce, "Umma, ƙishirwa nake ji." Sauda ta rungume ta tana kuka.

Mansir bai gama hamdala ba, wayar Malam Sabitu ta yi ƙara. Yana cikin amsawa wani kiran ya shigo. Can bayan katanga kuma wata uwa ta ƙwalla salati tana kiran sunan 'yarta. Malam ya sa takalmansa ya fita.