Icen da Dogo Ya Ƙi Sarewa

Ranar da Auta ta fara ganin Dogo, injin zartonsa a kashe yake, shi kuma ya manna kunne a jikin wani busasshen ice. Babanta, mai shagon katako, shi ya aiko ta da sabuwar sarƙar injin. Ta tambaye shi ko icen ne ke ba shi labari. Dogo, wanda sai a wuni ba a ji muryarsa ba, ya yafito ta, ya nuna mata wata 'yar tsaga can sama, an liƙe gefenta da laka.

Cilakowa ce a ciki, in ji shi. Shekara biyu ba ruwan kirki, tsuntsayen ba su yi ƙwai ba. Da aka yi ruwa sau ɗaya, kafin kududdufi ya ƙafe suka kwashi laka, macen ta shige kogon ta toshe kanta, ta zubar da gashin fukafukanta. Ko an buɗe mata ba ta iya tashi. Namijin ke miƙa mata fara ta tsagar har 'ya'yan su yi ƙwari.

Daga ranar Auta ta riƙa kawo saƙon da ba wanda ya aike ta. Wata safiya ya rubuto mata: "Tawan, yau na ji kukan 'ya'ya biyu. Na so a ce kina nan."

Ta mayar masa: "Ashe a waya bakinka yake. Gobe ina tafe."

Direban motar katakon, ɗan wan babanta ne, ya daɗe yana sonta. Shi ya kai wa maigidan labari cewa Dogo na tsallake ice, yana kuma janye masa 'ya zuwa daji. Baba ya kwaɗa wa Dogo mari a gaban ma'aikata, ya ce ko ya sare icen yau, ko ya manta da aikin da Auta gaba ɗaya. Dogo ya roƙi mako uku kawai, 'ya'yan tsuntsun su tashi. Aka hana shi.

Direba ya gaya wa Auta cewa Dogo ya zaɓi tsuntsu a kanta. Ta rubuta masa: "Da gaske ne?" Shiru. Ta bi motar babanta zuwa wurin aikin, zuciyarta na tafasa.

Ita da Baba suka tarar da Dogo ya jingina bayansa da icen, bakinsa na zubar jini, wayarsa a farfashe a ƙasa. Direba ya yar da ƙarfen kwance tayar da ya doke shi da shi, ya ja igiyar injin.

"Matsa, ɗan tsuntsu, ko in haɗa da kai."

Dogo bai motsa ba. Direba ya matso da zarton don ya tsorata shi, sarƙar ta kama hannun riga, ta shige nama. Jini ya yi tsartuwa har jikin icen. Auta ba ta san lokacin da ta rarumi guntun itace ta maka wa ɗan'uwanta a ƙeya ba. Ya kife, injin ya faɗi yana haƙar ƙasa.

Ta ɗaure hannun da ɗankwalinta, Baba ya ja motar da kansa. A hanya Dogo ya buɗe ido da ƙyar.

"Ba zaɓe na yi ba, Tawan. In na yanka uwa da 'ya'yanta a ciki, da wane ido zan kalle ki?"

Baba bai waiwayo ba, sai dai ya ƙara wuta.

Yatsu biyu ba su sake lanƙwasuwa ba, Dogo da zarto sai kallo. An sallami Direba daga aiki. Icen ya tsaya, tsuntsayen suka fasa lakar suka tafi Dogo na kwance a asibiti, ba wanda ya gani. Da aka sallamo shi, Baba ya zaunar da shi a shago, kusa da kujerarsa, har wata guda. Sannan ya ce ya turo manyansa.

Ranar ɗaurin aure Baba ya riƙe lafiyayyen hannun ango ya daɗe.

"Na ba ka ita, ɗana. Amma ka dai ga yadda ta kayar da ƙato. Allah ya ba ka haƙuri, ya ba ku zaman lafiya."

Jama'a suka ce amin suna dariya. Auta, daga bayan labule, ta ce amin ita ma, a hankali.