Sirrin da Hajiya Atine Ta Ƙi Mantawa

"Khalas, shi ke nan, Garzali... ka je kawai."

Zuwera ko ɗagowa ba ta yi ba. Cokalin kunu ne a hannunta, tana lallaɓa Hajiya Atine ta buɗe baki. Tun asuba take tsaye a gidan kula da tsofaffin nan na Al Wukair, kusa da Doha, ƙafafunta kamar ba nata ba.

"An gama gasar ƙwallon duniya, aikina ya ƙare, jibi jirgina zai tashi," ya ce daga bakin ƙofa. "Kalma ɗaya nake jira, sanyin idona."

Direba ne. Tun zamanin korona yake kawo magani gidan, idanunta kaɗai yake gani saman takunkumi, kuma su suka gama da shi. Maganar aure har ta yi nisa, sai Fausiya, abokiyar aikinta mai baƙin ciki, ta ɗauki hotonta tana gyara shimfiɗar da tsohuwa ta ɓata, ta tura wa mahaifiyarsa Kano.

"Mai kwasar kashin tsofaffi? Ba dai a gidana ba!" Abin da uwar ta ce ke nan, kuma ya dawo kunnen Zuwera.

"Umma ta sauko, wallahi," ya ce. "Cewa na yi da ita, ranar da ƙarfinta ya ƙare, irin hannun nan za ta so."

"Na gaji, Garzali. Ba na sonka."

Ƙarya dai fure take, ba ta 'ya'ya. Hajiya Atine ko sunan ɗanta da ya kawo ta Doha ba ta riƙe ba, shi ya sa kullum Zuwera ke juye mata cikinta in tana taje mata kai. Ai mai mantuwa ba ya tona asiri.

Garzali ya juya zai fita.

"Kai!"

Tsohuwar ce, ta ture cokalin.

"Kai ne Garzalin?"

"Ni ne, Hajiya..."

"To don Allah zo ka ɗauke ta! Kullum Garzali, Garzali, ina sonsa, ina sonsa... ta jiƙa min kafaɗa da hawaye. Ni ma na gaji!"

Cokalin ya faɗi ƙasa. Wayyo, kunya! Zuwera ta rufe fuska da gefen mayafi, kuka da dariya suka taho mata tare.

Ya durƙusa gabanta.

"Maimaita min abin da kika ce ɗazu."

"Ba zan iya ba..." Ta ja numfashi. "Ka hau jirginka. In ka isa, ka tura magabatanka gidanmu a Zangon Kumasi."

Bayan fitarsa ta ɗauko wani cokalin, ta sake zama. Hajiya Atine ta ƙura mata ido kamar yau ta fara ganinta.

"Ke kuma 'yar wace ce?"

"Amaryar Garzali ce, Hajiya. Yalla, buɗe baki."