Mutanen Da Aka Ce Babu Su

Ranar da Mu'minatu ta fara shiga shagon gyaran waya na Armaya'u a Tambuwal, ba soyayya ta kawo ta ba, masifa ce fal cikinta. Ta dire waya a kan tebur ta ce a duba mata, an toshe ta a Zauren Gida, dandalin intanet ɗin nan da mutanen Tambuwal da Kebbe ke jin farashin hatsi da labarin gida. Gogan naka maimakon ya dubi waya, sai ya ɓige da kallon mai waya, har sai da ta yi gyaran murya.

Tana huci ta ba shi labari. Ita ma'aikaciyar lafiya ce a Fakku, inda ba kowa ke da babbar waya ba. Da wayarta ta yi wa mahaifinta Malam Ɗangiwa rajista, ta yi wa maƙwabtansa manoma, tana tura tallan geronsu da shinkafarsu. Kwatsam wani mai kiran kansa Mai Gadin Zaure ya share su kaf, ya jera sunayensu, ya rubuta cewa babu su a duniya, ɗan damfara guda ne ya ƙirƙire su. Masu saye suka janye. A kasuwa har fatalwa ake ce wa baban nata.

"In Allah ya gama ni da shi," ta ce, "sai ya hwaɗa min mi tsohona yai mishi."

Abin da ba ta sani ba, Armaya'u shi ne Mai Gadin Zauren. Ba da mugunta ya yi ba. Asusun bogi ne suka addabi zauren, kullum a wayi gari da sababbin sunaye suna tallan ninka kuɗi da tallafin ƙarya, har sun cuci mutane. Sai ya kafa doka: duk wayar da ta buɗe asusu da yawa, a rufe ta. Yana zaune a gari ƙarƙashin fanka, bai taɓa kawowa a ransa cewa akwai ƙauyen da waya guda ke ɗauke da unguwa ba.

Nan ne ya kamata ya buɗe baki. Ina! Ya dubi idanun nan nata, sai ya ji kansa yana cewa ai ya san mutumin, zai roƙe shi.

Kafin la'asar ya mayar da asusun, ya goge rubutun a ɓoye. Amma magana zarar bunu ce, ta riga ta zaga kasuwanni. Ita kuwa baiwar Allah ta ɗauke shi gwarzo, daga godiya aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka zarce. Wani dare ta turo masa saƙo:

"Gwanina, Baba ya sa maka albarka yau. Ya ce da mutane irinka ne suka yi yawa, da wancan azzalumin bai samu wurin zama ba. Ka ci abinci kuwa?"

Ya karanta, tuwon da ke gabansa ya fita ransa. Ya rubuta gaskiya, ya goge, ya sake rubutawa, ya sake gogewa. Abin da ya tura shi ne:

"Likitata, ban kai yadda kike zato ba. Amma son da nake miki, shi kam babu algus a cikinsa."

Ta ɗauka tawali'u ne, ta ƙara sonsa. Shi kuwa kullum da kunya yake kwana, da ita yake tashi, yana tsoron ranar da zai rasa ta.

Ranar kuwa ta zo. Kamilu, wanda suke kula da zauren tare, ya daɗe yana zawarcin hankalin Mu'minatu bai samu fuska ba. Da ya ji manyan Armaya'u na shirin zuwa tambaya, sai ya hau babur har Fakku ya kwance wa abokinsa zani a kasuwa.

Malam Ɗangiwa ya aika aka kira Armaya'u. Bai ɗaga murya ba, da ma ya zage shi da ya fi sauƙi.

"Yaro, kai kac ce babu ni. To wanda babu shi, ƙaƙa shika ba ka ɗiya?"

Bai kai titi ba saƙonta ya shigo.

"Ba kuskuren ne ya fi ƙona min rai ba. Ina zaginka a gabanka kana murmushi, ina maka godiya kana amsawa. Kada ka ƙara kirana."

Bai kira ba, don ya san gaskiyarta ce. Ya rubuta a zauren da sunansa na yanka cewa shi ya yi, mutanen nan suna nan, mutanen kirki ne. Ya soke dokar waya, ya kawo wata: duk mai son shiga, sai wani ɗan garinsu da ke ciki ya shaide shi. 'Yan bogi ba su da mai shaidarsu, sai ga shi sun ɗauke ƙafa.

Sannan ya rufe shago ya koma Fakku, ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da rana tsaka, yana durƙusawa. Wasu suka yi dariya suka ba shi fura. Wasu suka wanke shi tas, ya shanye.

Da ya isa gidan Namadi, ɗaya daga cikin manoman da ya share, sai abin ya fi ƙarfinsa. Batula, matar Namadi, ta yi masa magana ta bayan ƙofa, ta ce mai gidan ya rasu da damina, kuma har ya kwanta ciwo yana tambayar wa ya ce babu shi.

"Ba ni ad da haƙƙin ba, ɗana. Mai shi ya riga ya tahi."

Armaya'u ya zauna a dakalin gidan, ƙato da shi, yana kuka kamar yaro. A haka Mu'minatu ta same shi tana dawowa daga aiki. Ta daɗe a tsaye, fushi da tausayi na kokawa a ranta.

"Tashi, mutane na kallo," ta ce a hankali. "Har yanzu ina jin haushinka. Amma wanga kukan na san ba na ƙarya ba na."

"Ki yafe min, Likitata. Tsoron rasa ki ya sa na cuce ki."

"In ka sake ɓoye min ko da ƙwayar gero ce, ka rasa ni ɗin."

Malam Ɗangiwa ya ja aji iya ja, sai da dattawan da aka bai wa haƙuri suka taru a kansa kafin ya sauko. Bayan girbi aka ɗaura aure a Fakku, aka ɗauko amarya zuwa Tambuwal da guɗa.

Cikin tsofaffin da suka rako ta har da Batula. Ango ya sunkuyar da kai, ya kasa haɗa ido da ita. Ita ta kamo hannun Mu'minatu ta sa a nasa.

"Nawa na yahe. Na marigayi kuwa, ka riƙe yarinyar ga da gaskiya, ka riƙa sa shi cikin addu'a. Allah shi ba ku zaman lahiya da ɗiya masu albarka."

Mata suka amsa da amin. Armaya'u ma ya amsa, hannun amaryarsa cikin nasa.